Ɗana ya ce kwamitin da jami'arsu ta kafa romon baka ne, ko yana da gaskiya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da yaro da ke shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka. Kwanakin baya aka wayi gari an rubuta zagin wariyar launin fata a ƙofar ɗakin wani ɗalibi baƙar fata a gidan kwanansu. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, suka yi zaman dirshan a bakin ofishin shugaban jami'ar har kwana uku. Daga baya shugaban ya fitar da wasiƙa yana Allah wadai, ya ce ya kafa kwamiti. Yarona ya ce duk romon baka ne, kuma yana so ya shiga cikin masu zaman dirshan. Mu a nan gida mun saba in ɗalibai sun yi bore a rufe makaranta a ce kowa ya tafi gidan ubansa. Can yaya abin yake? Kwamitin nan yana haifar da wani abu? Kuma in bar shi ya shiga?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya raya yaron, ya ba shi abin da ya je nema. In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko wasiƙa da kwamiti su ne iyakar abin da jami'a za ta yi, da kuma ko akwai haɗari ga ɗanka in ya tsoma kansa. Na yi shekaru ina aiki a ofishin kula da harkokin ɗalibai na wata jami'ar gwamnati a Amurka, na kuma zauna a kwamitin ladabtarwa, don haka zan amsa maka da abin da idona ya gani da kuma abin da ya faru a wuraren da duniya ta shaida.

Ɗanka yana da gaskiya, amma rabinta. Wasiƙar Allah wadai da kafa kwamiti su ne matakin farko a kusan kowace jami'a, domin su ne mafi araha, kuma sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Sai dai akwai lokutan da aka wuce nan, har aka samu sauyin da ya shekara hamsin yana aiki. Abin da ya kamata ku koya, kai da shi, shi ne yadda ake bambanta wannan da wancan tun da wuri.

Daren da ake rubuta wasiƙar

Bari in fara nuna maka yadda ake haihuwar irin wasiƙar da shugaban ya fitar. Na taɓa zama a irin wannan taro, da misalin ƙarfe goma na dare, bayan an yi wa wata ɗaliba rubutun ƙazanta a allon ƙofarta. Mu shida ne a ɗakin: mataimakin shugaba, lauyan jami'a, mai kula da hulɗa da 'yan jarida, shugaban 'yan sandan makaranta, da mu biyu daga ofishinmu. Daftarin farko da abokin aikina ya rubuta ya kira abin da sunansa, wariyar launin fata. Lauya ya ɗauki biro ya ja layi a kai, ya ce ba a kammala bincike ba, a rubuta "abin takaicin da ya faru". Mai hulɗa da 'yan jarida ta ce a cire sunan gidan kwanan, kada iyaye su fara bugo waya. Ɗan sanda ya ce na'urar ɗaukar hoton da ke wannan baranda ta yi watanni ba ta aiki. Kafin sha biyu mun fitar da takarda mai laushi wadda ba ta ɓata wa kowa rai ba, ba ta kuma sanyaya zuciyar kowa ba. Washegari yarinyar ta shigo ofishina da wayarta a hannu, ta buɗe wasiƙar, ta ce: "Ina nake a cikin wannan?" Na rasa amsar da zan ba ta, kuma har yau tambayar tana damuna.

Ba wanda ya shiga ɗakin nan da mugun nufi. Kowa wutar gabansa yake kashewa. Shugaban jami'a a Amurka yana da iyayen gida da yawa: hukumar amintattu da ta naɗa shi, 'yan majalisar jiha da ke ware kuɗi in jami'ar ta gwamnati ce, tsofaffin ɗalibai masu ba da gudummawa, iyayen yara masu biyan kuɗin makaranta, sannan malamai da ɗalibai. Wannan ne ma ya sa ba ka cika ganin an rufe makaranta kamar yadda ka saba gani a gida ba. Can ɗalibi kuɗi ne yake tafe da ƙafarsa, in aka kore shi gida gobe sai ya koma wata jami'ar da kuɗinsa.

Akwai kuma igiyoyi biyu na doka da ke ɗaure hannun jami'a, waɗanda ɗalibai ba su cika saninsu ba. Ta farko, 'yancin faɗar albarkacin baki da ke cikin gyara na farko na kundin tsarin mulkin Amurka. Jami'ar gwamnati ba ta da ikon hukunta mutum don kawai ya faɗi mummunar magana, sai in maganar ta kai ga barazana, ko tsangwamar wani takamaiman mutum, ko ɓata dukiya. Jami'ar Michigan ta gwada kafa dokar hana kalaman ƙiyayya, kotun tarayya ta rushe ta a 1989. A watan Maris na 2015, da bidiyo ya fito na 'yan wata ƙungiyar ɗalibai a Jami'ar Oklahoma suna rera waƙar cin zarafin baƙar fata a cikin bas, shugabanta David Boren ya rufe gidan ƙungiyar ya kori ɗalibai biyu cikin 'yan kwanaki. Jama'a sun yaba masa, amma masana shari'a da dama sun ce da wuya korar ta tsaya a gaban alƙali. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci saboda launi ko asali, kuma barin tsangwama ta yi ƙamari ba tare da an ɗauki mataki ba yana iya shiga cikin wannan. Gaba kura, baya siyaki.

Igiya ta biyu ita ce dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974. In ban da wasu laifuka na tashin hankali, jami'a ba ta da damar fitowa ta ce ga hukuncin da ta yi wa wane. Na sha zama a kwamitin da ya dakatar da mai laifi, washegari in ji ɗalibai a waje suna ihu cewa ba a yi komai ba, ni kuwa ba halin in buɗe baki. Don haka ka gaya wa ɗanka: shiru a kan mai laifi ba lallai ne ya zama hujjar cewa an binne maganar ba. Sai dai kuma gaskiya ce, wasu jami'o'in suna fakewa da wannan doka su yi shiru ko da a kan abin da doka ba ta hana su faɗa ba, kamar yawan ƙorafin da aka kawo a shekara da yadda aka ƙare da su.

Abin da ya faru a Missouri

In kana son ganin abin tun daga farkonsa har ƙarshensa, dubi Jami'ar Missouri a 2015. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan jami'a ce da ta hana Lloyd Gaines shiga sashen koyon shari'a saboda launinsa, har sai da Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya a 1938, ya kuma ɓace a 1939 bai taɓa shiga ajin ba. Sai a 1950 aka fara ɗaukar baƙar fata. A watan Agustan 2014 kuma ɗan sanda ya harbe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, a garin Ferguson, tafiyar kamar awa biyu daga jami'ar, kuma wasu ɗalibanta sun je can an yi zanga-zangar da su.

A watan Satumban 2015 shugaban ƙungiyar ɗalibai, Payton Head, ya rubuta a Facebook yadda wasu a cikin mota suka jefe shi da zagin wariya. Hukuma ta yi kwanaki kafin ta ce uffan. A watan Oktoba wani ɗalibi a buge ya kutsa inda ƙungiyar baƙaƙen ɗalibai ke shirye-shiryen biki ya zage su. Ranar 10 ga Oktoba, a faretin bikin makaranta, ɗalibai suka tare motar shugaban rukunin jami'o'in jihar, Tim Wolfe. Bai fito ba, bai yi musu magana ba, 'yan sanda suka kore su. A ganina nan ne kujerarsa ta fara girgiza, domin da ya buɗe ƙofar motar nan ya tsaya ya saurare su na minti goma, da wataƙila labarin ya sauya. Ɗaliban suka kira kansu Concerned Student 1950, don tunawa da shekarar da aka buɗe wa irinsu ƙofa, suka fitar da buƙatu, ciki har da saukar Wolfe da ƙara yawan malamai da ma'aikata baƙar fata zuwa kashi 10 cikin 100, a lokacin da malamai baƙar fata ba su wuce kusan kashi 3 ba.

Ranar 2 ga Nuwamba wani ɗalibin digiri na biyu, Jonathan Butler, ya shiga yajin cin abinci. Kwana biyar yana yi, Wolfe na nan daram. Ranar 7 ga wata 'yan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka baƙar fata na jami'ar suka ce ba za su ƙara wasa ba sai ya sauka, kocinsu Gary Pinkel ya mara musu baya. Akwai wasa a gaba ranar 14 ga wata, kuma fasa shi zai jawo wa jami'ar tarar dala miliyan 1. Ranar 9 ga wata Wolfe ya yi murabus, shugaban babban reshen jami'ar, Bowen Loftin, shi ma ya sanar da saukarsa a ranar. Ka lura da lissafin, Alhaji: wata biyu na kuka bai motsa kujerar ba, yunwar mutum ba ta motsa ta ba, kwana biyu na barazana ga kuɗin wasa suka kawar da ita. Wannan abu yana ɓata mini rai duk lokacin da na tuna, amma ba zan ɓoye maka shi ba.

Tsugune ba ta ƙare ba. 'Yan majalisar jiha suka fusata suna barazanar rage kuɗi. Iyaye farar fata suka ga makarantar ta zama gidan rikici, iyaye baƙar fata suka ga gidan wariya, duka suka janye 'ya'yansu. Cikin shekara biyu yawan sababbin ɗalibai ya ragu da fiye da kashi 35 cikin 100, aka rufe gidajen kwana, aka sallami ma'aikata. Shugabannin sauran jami'o'i sun ga wannan, kuma darasin da mafi yawansu suka ɗauka shi ne: fitar da wasiƙa da sauri, gana da ɗalibai tun a rana ta farko, kafa kwamiti kafin 'yan jarida su iso. Wasiƙar da ɗanka ya karanta jikar wannan darasi ce. Missouri ta buɗe babban ofishi na kula da daidaito tsakanin al'ummu da yaƙi da wariya bayan rikicin. A 2024 ta rushe shi ta rarraba ma'aikatansa, saboda iskar siyasa ta juya.

Abin da ke ɗorewa da abin da ke bin iska

Nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. A watan Nuwamban 1968 ɗaliban kwalejin jiha ta San Francisco suka shiga yajin karatu da ya kai har Maris na 1969, kusan wata biyar, aka kama ɗaruruwa. Abin da suka samu shi ne tsangaya guda ta nazarin tarihi da rayuwar baƙar fata da sauran tsirarun al'ummu, kuma tana nan har yau. A Jami'ar Cornell, watan Afrilun 1969, bayan an ƙona gicciye, alamar barazana ta masu wariyar launin fata, a gaban gidan kwanan ɗalibai mata baƙar fata, ɗalibai suka mamaye wani babban gini na awa 36, shugaban jami'ar James Perkins ya sauka daga baya, aka kafa cibiyar nazarin Afirka da 'ya'yanta na ƙetare a wannan shekarar. Ita ma tana nan. To me ya sa na 1969 suka rayu, ofishin Missouri kuwa bai kai shekara goma ba? Domin sashen karatu yana da malamai masu aikin dindindin, yana da ɗalibai, yana ba da digiri, yana da gurbinsa a kasafin kuɗi. Ofishin da aka rataya a wuyan shugaba kuwa, alƙalami ɗaya ya kafa shi, alƙalami ɗaya ke rushe shi. Jihohin Texas da Florida sun yi dokoki a 2023 da suka durƙusar da irin waɗannan ofisoshi a jami'o'in gwamnatinsu, kuma a watan Yunin shekarar Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar Harvard da Jami'ar North Carolina.

Sai batun sunaye da mutum-mutumi, wanda shi ya fi ɗaukar hankalin 'yan jarida. A Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ranar 9 ga Maris 2015 wani ɗalibi, Chumani Maxwele, ya watsa wa mutum-mutumin Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Birtaniya a kudancin Afirka, ƙazanta, ranar 9 ga Afrilu aka ɗauke shi da ƙugiya. Wata ɗaya kacal. Kwalejin Oriel ta Oxford kuwa ta ce a 2016 nata Rhodes ɗin zai zauna, ta ce a 2020 tana son cire shi, ta kafa kwamiti, mafi yawan 'yan kwamitin suka goyi bayan cirewa a 2021, sai ta ce tsada da wahalar samun izini sun yi yawa. Yana nan a jikin bangon. Jami'ar Yale ta Amurka ta ƙi sauya sunan kwalejinta mai ɗauke da sunan Calhoun, ɗan siyasar da ya kare bautar da baƙar fata, a 2016, ta sauya shi a 2017. Ba na raina waɗannan abubuwa, domin wucewa kullum ta ƙarƙashin hoton wanda ya ɗauki kakanninka a matsayin dukiya ba ƙaramin nauyi ba ne. Amma nasarar Cape Town da ta fi burge ni ba a cika ambatonta ba: a ƙarshen 2015, bayan ɗalibai sun haɗa kai da masu shara da masu gadi, jami'ar ta amince ta ɗauke su aiki kai tsaye maimakon ta hannun 'yan kwangila. Wannan ya shiga tukunyar gidajen mutane.

Saboda haka, in ɗanka yana son sanin ko kwamitinsu na gaske ne, ya nemi takardar da aka kafa shi da ita ya karanta. An sa ranar da zai miƙa rahoto? Za a wallafa rahoton kowa ya gani, ko aljihun tebur ɗin shugaba zai shiga? Ɗaliban da ke ciki, 'yan uwansu ne suka zaɓe su ko hukuma ce ta tsamo masu sanyin baki? An ware kuɗi, kuma na shekara nawa? Akwai wata dabara da duk wanda ya yi aiki a jami'a ya sani: ɗalibi baƙo ne na shekara huɗu, hukuma kuwa 'yar gida ce. Kwamitin da aka ba wata 18 zai kawo rahoto ne bayan jagororin boren sun sa rigar kammala karatu sun tafi. Wanda aka ba wata uku, aka kuma ɗora wa wani jami'i mai suna alhakin aiwatarwa, wannan a sa masa ido da kyakkyawan zato.

Abu na ƙarshe da zai duba, kuma shi ne nake ganin ya fi shafar rayuwar yau da gobe, shi ne hanyar kai ƙara. Hukumar kula da daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar da bincike a 2019 da ya nuna kashi 24 cikin 100 na ɗalibai 'yan tsirarun al'ummu sun fuskanci tsangwamar launin fata a jami'a, kuma kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa ba su kai ƙara ba. Haka na gani a wurin aikina. Yaro zai zo ya ba ka labari, ka ce ya rubuta, ya ce "Me za a yi?" ya tashi. Jami'ar da ta gyara wannan hanya, har ɗalibi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa da ranar da za a ba shi amsa, ta yi aikin da ya fi wasiƙa goma.

Ya shiga ko kada ya shiga

Ba zan ce maka ka hana shi ba. Yaron da ya ga an wulaƙanta maƙwabcinsa ransa ya ɓaci, tarbiyyarka ce ta fito. Kuma wanda ya yi rubutun nan ba ya tambayar baƙin da ke gabansa ɗan Kano ne ko ɗan Chicago. Wasu 'ya'yanmu da ke zuwa daga Afirka kan ɗauka rigimar ta baƙaƙen Amurka ce su kaɗai, har sai ranar da ta faɗo a kansu.

Amma matsayinsa ba ɗaya ba ne da na abokansa 'yan ƙasa. Shi da bizar karatu yake zaune, kuma sharaɗinta shi ne ya ci gaba da zama cikakken ɗalibi. In aka dakatar da shi zango ɗaya, izinin zamansa na iya tafiya tare da dakatarwar. In 'yan sanda suka kama shi, ko da an sake shi ba tare da tuhuma ba, kamun na iya biyo shi ranar da zai sabunta biza. A 2025 gwamnatin Amurka ta soke bizar ɗalibai baƙi da dama, wasunsu saboda zanga-zangar Gaza. Abokinsa ɗan ƙasa zai kwana ɗaya a hannun hukuma ya koma aji, shi kuwa yana iya tsintar kansa a jirgi.

Shawarata ita ce ya raba abubuwan. Taron da aka nemi izininsa a filin makaranta, sa hannu a takardar koke, halartar zaman da hukuma ta kira, neman kujera a cikin kwamitin kansa, duk waɗannan haɗarinsu kaɗan ne, kuma na ƙarshen ya fi ihu tasiri in mutum ya iya riƙe alƙalami da haƙuri. Mamaye gini, toshe ƙofa, da ci gaba da zama bayan an ba da umarnin tashi, nan ne ake kama mutane a kuma dakatar da su. In zaman dirshan ɗin a waje ne kuma ba a ce a watse ba, ya je ya zauna da su. Da zarar an yi shelar tashi, ya tashi. Ya kuma kula da abin da yake rubutawa a intanet, domin ana dubawa.

Gogewata a jami'ar gwamnati ce, jami'o'i masu zaman kansu kuwa suna da ikon hukunta magana fiye da na gwamnati, kuma kowace tana da kundin ɗa'ar ɗalibai nata. Ni kuma ba lauya ba ne. Don haka kafin ya fita gobe, ya buɗe kundin makarantarsu ya karanta sashen taro da zanga-zanga, sannan ya leƙa ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje ya tambaye su kai tsaye me dakatarwa za ta yi wa takardunsa. Ya ajiye lambar wani lauyan shige da fice a wayarsa, ya kuma rubuta ta a takarda ya sa a aljihu. In kuma shi kansa aka taɓa yi masa wani abu, ko zagi ko rubutu, ya ɗauki hoto, ya rubuta rana da lokaci da waɗanda suka gani, ya aika ƙarar a rubuce, ya riƙe kwafi. Kai kuma, Alhaji, in kun yi waya, ka fara tambayarsa yadda yaron da aka yi wa rubutun yake, da ko akwai mai raka shi zuwa ɗakinsa da dare.